Awon Iska Kafin A Kafa Injin Lantarki

  

Ya ku ƴan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan ɗan littafi, mas'alar da muka zaɓa a bana ita ce awon iska. Kowa ya san kafin 2023 mafi yawan wutar lantarkin da muke amfani da ita a Nijar daga Najeriya ake sayo ta. A watan Agusta na 2023 da aka yanke ta, mun ga abin da ya faru a Yamai da Maradi da Damagaram: ƙanƙara ta yi tsada, masu walda da teloli sun zauna, ɗalibai sun koma bitar karatu da fitilar salula. Tun lokacin ake ta cewa ai muna da rana, muna da iska, me ya hana mu samar da wutarmu? A 2022 ma an sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy don gina tashar iska ta Tarka a jihar Tawa, wadda aka ce za ta iya kai megawat 250.

To amma cewa "garinmu akwai iska" bai isa a kafa inji ba. Wanda zai zuba biliyoyin sefa sai ya ga lissafi. Gudun iskar nawa ne? Yaushe take zuwa, yaushe take ɗaukewa? Lafiya lau take tafiya ko a hargitse? Waɗannan tambayoyi uku za mu bi.

Me ya sa ƙaramin kuskure yake zama babba

Ana auna gudun iska da mita a sakan. Idan aka ce mita 5 a sakan, daidai yake da kilomita 18 a awa, wato kamar gudun mai keke. Injin iska yana da fukafukai uku, iska ta juya su, su kuma su juya janareta da ke can ƙololuwar hasumiya. Ƙarfin da ke cikin iskar ya dogara da abu uku: nauyin iskar, faɗin da'irar da fukafukai suke sharewa, da gudun iskar.

Na ukun nan shi ne mai ban mamaki. Ƙarfin ba ya ƙaruwa daidai da gudu, sai an buga gudun a kansa sau uku. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas, domin 2 sau 2 sau 2 takwas ne. Dalili shi ne, iska mai sauri ta fi yawan wucewa ta cikin fukafukai a kowane sakan, sannan kowane ɓangarenta ya fi ƙarfin duka.

Mu ɗauki misali. Wuri mai iska mita 5: 5 sau 5 sau 5 ya ba da 125. Wuri mai mita 6: ya ba da 216. Bambancin mita ɗaya tak, amma ƙarfin ya ƙaru da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Haka nan idan mai awo ya yi kuskuren kashi 10 cikin ɗari a gudu, kuskuren ya zama kusan kashi 33 cikin ɗari a ƙarfi. An ci bashi bisa alƙawarin wutar da ba za ta samu ba ke nan.

Ga wani misalin da ya fi wannan. A ce gari biyu matsakaicin iskarsu ɗaya ne, mita 6. A gari na farko kullum mita 6 ce. A na biyu rabin lokaci mita 2 ce, rabin lokaci mita 10. Na farko ya ba da 216. Na biyu kuwa 8 da 1000, a haɗa a raba biyu, 504. Kun ga matsakaici ɗaya, amma ƙarfi ya fi ninki biyu. Shi ya sa masana ba sa tsayawa kan matsakaici, sai sun ƙirga awa nawa a shekara iska ta yi mita 3, awa nawa ta yi mita 4, har zuwa sama.

Sannan shi kansa injin yana da iyaka. Yawancin manyan injuna ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai mita 3 zuwa 4. Suna kai cikakken ƙarfinsu wajen mita 12 zuwa 14. Idan ta kai wajen mita 25, sai su karkata fukafukansu su tsaya don kada su lalace. Kuma babu injin da zai kwashe dukkan ƙarfin iska, don in ya tsayar da ita cak, ta baya ba ta da hanyar wucewa. Wani Bajamushe mai suna Albert Betz ya lissafa a 1919 cewa iyakar abin da za a iya ɗauka kashi 59 ne da ɗan ɗori cikin ɗari.

Nauyin iska ma ya shafe mu. Akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana ɗaukar iska wajen kilo 1.2 a wuri mai sanyi a bakin teku. Iska mai zafi ta fi sauƙi. A zafin digiri 40 irin na watan Afrilu, nauyin yana raguwa da kusan kashi 8 cikin ɗari, wutar ma haka. Don haka duk inda ake awon iska ana haɗawa da awon zafi.

Iskar ƙasarmu da canje-canjenta

Manomi da makiyayi sun riga mu sanin wannan babi. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ce, daga arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi. Da damina kuma iska ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma da laimar teku. Amma shi hadari daga gabas yake tasowa, kuma kafin ruwa ya sauka akwai wannan jar iska mai kwashe kwanon ɗaki. Tsakanin lokutan biyu, kamar ƙarshen damina, iska takan yi rauni ƙwarai.

Ke nan wanda ya zo ya auna a Janairu kawai zai tafi da labari mai daɗi, wanda ya zo a Oktoba zai ce wurin ba shi da amfani. Duka biyun ba su ga gaskiya ba. Saboda haka ƙa'ida ita ce a auna shekara guda cur aƙalla. Bayan nan a kwatanta da bayanan shekaru masu yawa na tashar meteyo mafi kusa, kamar ta filin jirgi, don a gane ko shekarar da aka auna mai yawan iska ce ko mai ƙaranci.

Akwai kuma canji na cikin yini, kuma a nan ido yana iya yaudarar mutum. Da hunturu, in kun lura, dare yakan yi tsit, ganye ba ya motsi. Da hantsi kuma, wajen ƙarfe 9 zuwa 11, sai iska ta taso da ƙura. Abin da ke faruwa shi ne, da dare ƙasa tana hucewa, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, ta sama kuma ta rabu da ita, ta riƙa gudu ba abin da ke riƙe ta, a tsayin mita ɗaruruwa. Da rana ta fito ta ɗumama ƙasa, sai iskar ƙasa ta tashi ta cakuɗa da ta sama, gudun ya sauko mana. Ma'ana, lokacin da muke kwance a tsakar gida muna cewa babu iska, mai yiwuwa a tsayin fukafukan babban inji iska tana gudu sosai.

Wannan ya kawo mu ga maganar tsayi. Itatuwa da gidaje da tudun ƙasa suna rage wa iska gudu, don haka duk yadda aka hau sama tana ƙaruwa. Tashoshin meteyo na duniya sun daidaita a kan mita 10 daga ƙasa. Manyan injuna kuwa cibiyarsu tana kai mita 100 ko fiye. A fili shimfiɗaɗɗe, iskar da ke mita 5 a tsayin mita 10 takan kai kusan mita 7 a tsayin mita 100, ƙarfinta ya kusa ninka uku. Amma wannan ƙiyasi ne, kuma da dare bambancin yakan zarce haka. Dole a hau a auna.

Kayan awo

Tsohuwar hanya ita ce duba alamu. A 1805 wani hafsan jiragen ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara mataki daga 0 zuwa 12, kuma har yau ana amfani da shi. A doron ƙasa, idan ganye da ƙananan rassa ba su daina motsi ba, mataki na 3 ne, wajen mita 3 da rabi zuwa 5 da rabi. Idan ƙura da takardu suna tashi, na 4 ne, har kusan mita 8. Idan ƙananan itatuwa suna rangaji, na 5 ne, mita 8 zuwa kusan 11.

Na'urar da aka fi sani ita ce mai kofuna, wadda ake kira anemomita. Wani masanin taurari a Ailan, Thomas Romney Robinson, ya ƙirƙiro ta a 1846 da kofuna huɗu, ta yanzu kuma uku gare ta. Iska ta fi tura cikin kofi fiye da bayansa, sai abin ya riƙa juyawa, ana ƙirga juyin. Kusa da ita akwai kibiya mai nuna inda iska ta fito. A wurin da ake son gina tasha, ana kafa siririn ƙarfe mai tsawo irin na rezon salula, mita 60 ko 80 ko 100, a ɗaura na'urorin a tsayi daban-daban, a kan hannuwa masu miƙewa gefe don kada ƙarfen ya tare musu iska. Wani ɗan akwati mai aiki da farantin sola yana karanta gudun kowane sakan. Duk minti 10 sai ya rubuta matsakaici, da mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da yadda lambobin suka warwatsu. A shekara ɗaya layi 52,560 ke nan.

Akwai na'urorin zamani marasa abin juyawa. Wata tana aika sauti tsakanin baki biyu, ta auna lokacin da ya ɗauka: in yana tafiya tare da iska ya yi sauri, in yana fuskantarta ya yi jinkiri. Tana iya awo sau da yawa a sakan guda, har da iska mai hawa da mai sauka. Wata kuma, mai suna lida, a ƙasa ake ajiye ta, ta harba haske sama, hasken ya bugi ƙurar da iska ke ɗauke da ita ya dawo, daga canjin da ya samu a gane gudun har tsayin mita 200. A ƙasarmu ƙura tana shiga cikin ƙwallayen mai kofuna ta sa ta yi nauyin juyawa, ta riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake gwada na'ura kafin a ɗaura ta da bayan an sauke ta, kuma a sa biyu a tsayi ɗaya don ɗaya ta zama shaida a kan ɗaya.

Hargitsin iska

Ku tuna ruwan gulbi. A tsakiya yana tafiya sumul, amma bayan dutse ko gindin gada sai ya riƙa juyi yana murɗawa. Iska ma haka take, sai dai ba ma ganinta. Wannan murɗawar da fizgar ita muke kira hargitsi. Abu uku ke kawo shi. Na farko shinge: gini, itace, tsauni. Na biyu zafin ƙasa da rana tsaka, wanda ke tayar da iska sama, kuma guguwar da muke gani tana yawo a fili da bazara ƴarsa ce. Na uku shi kansa injin, domin iskar da ta wuce ta cikin fukafukai tana fitowa a raunane kuma a hargitse. Don haka ake barin tazara tsakanin inji da na bayansa, kamar faɗin da'irar fukafukai sau 5 zuwa 10.

Yaya ake ba hargitsi lamba? Wanda ya iya hisabin gado ba zai sha wahala a nan ba. A ce mun karanta gudu sau huɗu a wuri na farko: 9, 11, 9, 11. A wuri na biyu: 7, 13, 7, 13. Matsakaicin kowanne 10 ne. Amma a na farko kowace lamba ta kauce wa matsakaici da 1, a na biyu da 3. Sai a raba kaucewar da matsakaici: na farko kashi 10 cikin ɗari, na biyu kashi 30. Wannan shi ne ƙarfin hargitsi. A aikin gaske lambobi 600 ake haɗawa na minti 10, kuma da yake kaucewar ba ɗaya ba ce, ana buga kowace a kanta, a fitar da matsakaicinsu, sannan a ɗauki jizirinsa, kamar yadda muka koya a darasin hisabi.

Ƙa'idar duniya ta ƙera injunan iska, mai lamba IEC 61400-1, ta kasa su aji-aji bisa hargitsin da za su iya jurewa a iska mai mita 15: ajin A kashi 16 cikin ɗari, ajin B kashi 14, ajin C kashi 12. Wanda ya sayi injin ajin C ya kafa a wuri mai hargitsin ajin A ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Illar hargitsi ba a rana ɗaya take bayyana ba. Ku ɗauki waya ku lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ba ta karyewa, amma in kuka ci gaba za ta yi zafi ta tsinke. Fiffike mai tsawon mita 60 haka yake sha: samansa yana cikin iska mai gudu ɗaya, gindinsa cikin wata, ana fizgarsa ana saki dare da rana. Injin da aka ƙera don shekara 20 zuwa 25 sai ya gaji kafin lokacinsa, giyarsa ta ci, fiffike ya tsage, ga kayan gyara sai an yo odarsu daga ƙetare. Bayan haka wutar da yake bayarwa tana hawa tana sauka, abin da ke wahalar da ƙaramin layin lantarki irin namu.

Wannan ya shafi har ƙananan injuna da wasu ke sayowa don gida ko foraj. Ɗaura su a kan rufin ɗaki cikin gari asarar kuɗi ce, domin nan ne iska ta fi hargitsewa. Hargitsin da gini ko itace ke haifarwa yana iya miƙewa bayansa har tsayinsa sau 20. Shawarar da masu aikin ke bayarwa ita ce injin ya ɗara duk wani shinge da ke kusa da shi da wajen mita 10.

Inda aka yi aka gani

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Malaman tarihi da labarin ƙasa irin su Mas'udi da Istakhri, a ƙarni na 10 na Miladiyya, sun ba da labarin injunan niƙa masu aiki da iska a Sijistan, kan iyakar Iran da Afganistan ta yau. A can akwai iskar da suke kira ta kwana 120, mai zuwa daga fuska ɗaya duk bazara. Mutanen wurin sun lura da ita shekara da shekaru, suka gina bango mai ƙofa yana fuskantarta. A garin Nashtifan na Iran har yanzu irin waɗannan injuna suna tsaye.

A zamaninmu, Senegal ta buɗe tashar Taiba Ndiaye a 2020, injuna 46, megawat 158.7, faɗin da'irar kowane inji mita 126. Kenya ta buɗe ta tafkin Turkana a 2019, injuna 365, megawat 310, a wurin da iska ke matsewa tsakanin duwatsu tana zuwa kusan kullum daga fuska ɗaya. Kusa da mu, a Lambar Rimi ta jihar Katsina, akwai ƙananan injuna 37 masu megawat 10 a jimlace. A Yamai kuma muna da cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da ƴan Sahel ilimin yanayi. Wanda ke da intanet yana iya buɗe taswirar Global Wind Atlas kyauta, aikin Bankin Duniya da jami'ar fasaha ta Denmak, ya duba ƙiyasin iskar garinsu. Taswirar tana nuna inda ya kamata a je a auna, ba ta maye gurbin awon.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

Ba sai da kuɗi ake fara koyo ba. A samu kofunan roba uku ko huɗu, a kafe su a bakin sanduna a kan gindin ƙafar keke mai juyawa da sauƙi, a shafa wa kofi ɗaya fenti don ƙirga. Don sanin ma'anar juyin, a ranar da babu iska babban mutum ya tuƙa babur a fili a kilomita 18 a awa, na baya ya ɗaga na'urar sama ya ƙirga juyin minti ɗaya. Wannan adadin shi ne mita 5 a sakan. Daga nan a kafa ta a fili nesa da gini, a riƙa rubuta awo bayan kowace salla biyar a littafi ɗaya, da kwanan wata da fuskar da iska ta fito. Salloli biyar sun raba mana yini da kyau: asuba, rana tsaka, yamma da dare. In aji ya riƙe wannan shekara guda, ana karɓa-karɓa, za mu ga hunturu da damina a rubuce da lambobi.

Hargitsi ma ana iya ganinsa. A ɗaura dogon ƙyalle mara nauyi a kan gora. A fili zai miƙe ya nuna fuska ɗaya. A bayan masallaci ko gindin bedi zai riƙa kaɗawa yana naɗewa yana juyawa ko'ina. Duk inda ƙyalle ya rikice, inji ma zai wahala.

Kammalawa

Addininmu ya tsananta a kan awo, har akwai sura guda, Suratul Muɗaffifina, mai gargaɗin masu tauye mudu. Awon iska ma amana ce. Wanda ya ƙara lamba don a ba shi kwangila, ko ya cike ranar da bai auna ba da ƙiyasi, al'umma ce za ta biya bashin. Kuma idan aka zo neman filayen iyayenmu don kafa injuna, ya dace a samu ƴaƴan gari da za su iya tambaya: wata nawa kuka auna, a wane tsayi, hargitsin kashi nawa ne, wane ajin inji za ku kawo? Muna kira ga ƴan'uwanmu ɗalibai mu riƙe hisabi da kimiyya kamar yadda muka riƙe nahawu da fiƙihu, don a samu masu wannan aiki daga cikinmu.